Gafakar Kakanmu: Daga Roni Zuwa Babura Muna Neman Falle 17

Kafin ki zurfafa cikin karatun nan, bari in yi miki tambaya. A ɗakinki, ko a ɗakin mahaifiyarki can gida, babu wata tsohuwar gafaka ko ƙunshin takardu da aka cusa a ƙasan akwati, wadda kowa ke cewa "ta Malam ce, kada a taɓa"? In akwai, yaushe rabon da a buɗe ta a ga halin da take ciki? Mu tamu ta yi shekaru fiye da 30 a rufe, kuma saura ƙiris mu rasa ta. Labarin yadda muka same ta, da yawon da ta sa muka yi a garuruwa huɗu na Jigawa, shi zan ba ki yau.

Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Inna, ta rasu a ƙarshen damina. Da aka zo sadakar arba'in na nemi hutun kwana biyar a wurin aiki, na ɗauki 'yata mai shekara 11, muka shiga mota daga Kano. In kin taɓa bin hanyar Daura kin san yadda take: ki wuce Ɗambatta, gonakin gero da dawa hagu da dama, sai can ki hango duwatsu sun fara tasowa, to kin kusa Kazaure ke nan. Garin yana kwance tsakanin tuddai, ga madatsar ruwa a gefe, ga ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu suna ta kai da kawowa a bakin titi. Tarihi ya nuna Ɗan Tunku ne ya kafa masarautar a 1819, daga yankunan da a da suke ƙarƙashin Kano da Katsina da Daura. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 sai Kazaure ta faɗa cikinta, kuma yau masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi.

A Kazaure muka ci karo da ayarin 'yan sauka. Yaro ne da bai wuce shekara 15 ba, an naɗa masa rawani, ya rungume allon zayyana a ƙirji, ƙannensa na biye. 'Yata ta ja mayafina ta ce, "Umma, wane ne ya yi masa wannan zanen?" Na ce mata akwai masu sana'ar, ana kai musu allo su ƙawata shi da ja da rawaya da kore, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara, ranar sauka mai allon ya karanta a gaban malamai. Ta ce ita a Islamiyyarsu takardar shaida kawai ake bayarwa. Na yi dariya, ban san maganar za ta dawo mini ba kafin rana ta faɗi.

Roni ƙasar duwatsu ce, kuma gidan su Inna yana wani ƙauye a gindin dutse. Bayan an watse daga addu'a, Kawu ya ce mu mata mu buɗe akwatin ƙarfen marigayiya a fitar da kayanta don rabo. Muka ɗebe atamfofi da zannuwan saƙi da tasoshi. Can ƙasa, a naɗe cikin leda baƙa, sai ga gafaka ta jar fata. Ina taɓa ta na ji sanyin laima, irin wanda hannun ma'aikaciyar jinya ba ya so. Da aka kira Kawu ya gan ta, sai ya zauna a bakin gado ya yi shiru. Can ya ce, "Ɗiyata, wannan Alƙur'anin Baba ne. Da hannunsa ya rubuta shi, da ka, ba tare da ya duba wani ba."

Kakan nan nawa ban riske shi ba. Na dai san alaramma ne, kuma a tsarin tsangaya ba a kiran mutum alaramma don tsufa ko girman rawani. Yaro yana farawa kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, yana bin babbaƙu da farfaru har ya kai ga hadda. Wanda ya haddace kuma ya zauna ya rubuta izu 60 daga ƙirjinsa, shi ne ya ci sunan. Abin da ke gabanmu ke nan, aikin watanni na mutum ɗaya.

Muka yi alwala, muka shimfiɗa farin zane, Kawu ya kwance igiyar tadarishi. In ba ki taɓa ganin irin wannan Alƙur'ani ba, ki sani ba a ɗinke yake ba. Falle-falle ne, an jera su tsakanin marfi biyu masu tauri, a ɗaure, a saka cikin gafaka. Babu lambar shafi. A ƙasan bayan kowane falle marubucin yakan sa kalmar da falle na gaba zai fara da ita, da haka ake gane jerin. Baƙaƙen da baƙar tawada, wasula da ja, hamza ɗigon rawaya, alifin da ake sadarwa kuma ɗigon kore. Ƙarshen aya 'yan da'irori uku ne a haɗe, aya ta biyar tana da kumsa, ta goma tana da kuri. A gefen shafi kuma ga manyan da'irori masu ado da ke nuna izu da nusufi da rubu'i da sumuni da wurin sujada, kuma da wuya ki ga biyu iri ɗaya. Sannan akwai manyan zayyanoni da ke cin rabin shafi ko shafi guda, kamar darduma: ɗaya a farko, sauran a farkon A'arafi da Maryam da Sad, inda Alƙur'ani ya rabu kashi huɗu.

Kawu ya bi kalmomin nan na ƙasan shafi ɗaya bayan ɗaya har bayan isha'i, da fitilar waya. Sakamakon bai yi daɗi ba. Daga ƙarshen Kahfi zuwa cikin Maryam babu falle 9. A can ƙarshe kuma, ɓangaren da ke jingine da ƙasan akwati, laima da gara sun cinye falle 8, ba a iya karanta rabinsu. Amma abin da ya fi sosa mini rai ba shi ne wannan ba. Na miƙa wa 'yata falle guda na ce ta karanta. Yarinyar da ta kusa izu 20 a Islamiyya ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Umma, ban gane rubutun ba." Ba laifinta ba ne. Ita da Hafsu aka koya mata, a bugun Madina. Na kakanta Warshu ne, da rubutunmu na nan ƙasar, inda fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama.

A daren na ɗauki hotunan zayyanar na tura wa ƙanena da ke karatu a Jamus ta WhatsApp. Ba a jima ba ya turo mini nasa hotunan, ya ce, "Yaya, dubi na mutanen nan." Littattafan waƙoƙin ibada ne na Kiristocin Jamus, na wajen shekaru 500 zuwa 700 da suka wuce, su ma rubutun hannu. Sai dai su manya ne ƙwarai, wani tsawonsa ya fi kamu guda, kuma a kan fatar maraƙi ko ta tunkiya aka rubuta su. Dalilin girman shi ne littafi ɗaya ake ɗorawa a kan wani dogon abin ɗora littafi a tsakiyar coci, masu rerawa su kewaye shi, kowa ya hango daga inda yake tsaye. A saman kalmomin Latin akwai layuka da ɗige-ɗige masu nuna inda murya za ta hau da inda za ta sauka.

Adon nasu yana cikin harafin farko. Sukan faɗaɗa shi, su shafe shi da zinariya da shuɗi, su zana hoton waliyyin da ake bikin ranarsa a cikin harafin. Kowane waliyyi da alamarsa, don ko wanda bai iya karatu ba ya gane: Bitrus yana riƙe da mabuɗai, Katarina tana tsaye kusa da wata ƙafar keke mai ƙayoyi, Barbara da hasumiya, Lawrence kuma da ragar ƙarfe ta gashi, domin a ruwayarsu a kanta aka kashe shi a Rum a shekara ta 258. Haka hoton yake zama alamar shafi, kamar yadda da'irar izu take mana.

Biyu daga cikin littattafan sun tsaya mini a rai. Na farko an yi shi ne don cocin Lawrence ɗin nan da ke birnin Nurembag, juzu'i biyu, an gama su a 1507 da 1510, yanzu kuma yana ɗakin karatu na Morgan a New York. Ana kiransa littafin dinya, saboda a ƙasan wani shafi mai zanen ya yi dinyoyi sun jeru suna rera waƙa daga littafi, kyarkeci ne malaminsu, ga yanyawa tana laɓaɓowa ta baya. Mu da muka san ba a ba kura ajiyar nama ba ma buƙatar fassara, musamman mu iyaye masu miƙa 'ya'ya ga malamai. Na biyu kuwa mace ce ta rubuta shi, wata mai zaman ibada da ake kira Gisela, a gidan ibadar mata na Rulle kusa da Osnaburuk, wajen shekara ta 1300. Akwai haruffa 53 masu hotuna a ciki, har ta zana kanta 'yar ƙarama a durƙushe. Sai na tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da jajinta da 'yan taru masu kai karatu ga mata har cikin ƙauyuka. Alƙalami bai taɓa zama na maza kaɗai ba, can ko nan.

Ƙanena ya ƙara da wani abu da ya hana ni barci. Ya ce da aka rufe gidajen ibada da yawa a Jamus a 1803, hukuma ta ƙwace dukiyoyinsu, littattafan suka watse. Daga baya masu tara kayan ado suka riƙa sa almakashi suna yanke haruffan masu hotuna suna sayarwa, shi ya sa yau za ki tarar da harafi guda a gidan tarihi a Ingila ko Amurka, sauran littafin kuma a wata ƙasa, ko ma babu shi. Masana suna ta bin sawu suna haɗa guntaye. Na dubi gafakar kakana na ce, mu ba almakashi ne ya ci namu ba, sakaci ne.

Da safe wata tsohuwa a gidan ta ce in je Gwiwa wurin Goggo, yayar mahaifiyata, ita ce ta fi kowa shaƙuwa da Malam. Gwiwa tana can iyaka da Jihar Katsina, kuma hanyar ƙauyen su Goggo sai da babur. Muka ratsa gonaki ana yankan gero, mata na tsintar wake, iska na ɗauke da ƙamshin sabon hatsi. Muka tarar da ita tana sussuka a tsakar gida. Bayan gaisuwa da fura mai sanyi na faɗi abin da ya kawo ni. Ta kalle ni ta ce, "Ke 'yar nan, likita, sai yanzu aka tuna?" Ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshin farin ƙyalle. Falle 9 cif, da zayyanar Maryam a tsakiya, ja da rawaya kamar jiya aka yi.

Ta ce Malam ne ya ba ta da hannunsa lokacin cikinta na fari, ya ce ta riƙa karantawa, in ta sauka ta mayar. Kafin ta mayar ya rasu. Tun daga nan duk macen da naƙuda ta kama a unguwar, Goggo takan zauna kusa da ita da takardun nan tana karanta mata. Ni da na shekara goma ina karɓar haihuwa na ce, "Goggo, karatu kam alheri ne, amma in naƙuda ta wuce yini, ko an ga jini, ko mace ta fara jijjiga, asibiti za a tafi ba tare da jira ba." Ta ce ai yanzu ita ke fara kiran mai mota, karatun a hanya ake yi. Muka yi dariya. Abin lura shi ne nata fallayen sun fi na cikin akwati lafiya nesa ba kusa ba, domin ana buɗe su, suna shan iska, kuma a saman kabad take ajiye su.

A ɗakin Goggo na ga wani ƙaramin littafi, shi ma rubutun hannu, Dala'ilul Hairati na Imam Jazuli, malamin Maroko da ya rasu wajen 1465, wato zamani ɗaya da masu rubuta littattafan can na Jamus. Shi ma littafin karatun taro ne, ana zama a karanta shi da murya ɗaya, kamar yadda ake rera Ishiriniya a watan Maulidi. A cikinsa akwai zanen Rauda, makwancin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da na Sayyadina Abubakar da Sayyadina Umar, amma da layuka da murabba'ai kawai, babu fuska babu jiki. Nan ne muka rabu da Jamusawan. Su sun zana mutanen da suke girmamawa, namu marubutan sun zuba ƙaunarsu cikin launi da lissafin layi. Hotunan waliyyai da muka sani, irin na Shehu Tijjani da na Sidi Abdulƙadir da na Shehu Ibrahim Inyass, a bango da jikin mota da shaguna suke, bugun inji ne, kuma kin san malamai sun saɓa a kansu. A cikin gafaka dai ba za ki same su ba.

Saura falle 8 da gara ta ci. Kawu ya ce akwai wani alaramma a wajen Babura wanda ya yi gardanci a hannun wani almajirin Malam, hannunsu iri ɗaya ne. Babura ba ta cikin masarautar Kazaure, ta Ringim ce, tana can gabas kusa da iyakar Nijar. Duwatsu suka ƙare, ƙasa ta miƙe shimfiɗe, rairayi da gawo da kuka, da amalanken shanu ɗauke da dammunan gero. Muka same shi a zaure, a kan buzu, gardawa na ta karatu a waje. Ni da 'yata muka durƙusa daga gefe, Kawu ya gabatar da mu. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, mara lafiya muka kawo." Ya yi murmushi ya ce a miƙo shi.

Ya daɗe yana juya fallayen. Ya ɗaga ɗaya ya haska da rana, ya nuna mana tambarin da ke cikin takardar, jinjirin wata uku a jere. Irin wannan takarda daga Italiya ake yin ta, kuma shekaru aru-aru fatake ke kawo ta ƙasar Hausa ta hamada. Ya ce tawadar ma ba irin ta allo ba ce. Ta allo da gawayi da ƙaro ake yin ta don ta wanku. Ta takarda kuwa, wadda suke kira yambari, da 'ya'yan bagaruwa da ƙarfe ake dafa ta, a sa ƙaro, in ta kama ta kama. Da na gaya wa ƙanena sai ya ce tawadar marubutan Turai ma haka take, ruwan itace mai ɗaci da ƙarfe da ƙaro, kuma ƙaron ta hannun fataken Larabawa yake isa gare su. Alƙalamin Malam na gamba ne, da aska yake feƙe shi. Nasu na gashin dinya ne.

Alaramma ya ce zai rubuta falle 8 sababbi, amma da sharaɗi biyu. Ba za a jefar da tsofaffin ba, za a ajiye su a bayan sababbin. Kuma zai rubuta a ƙarshe cewa wannan gyara ne, da shekarar da aka yi, don kada na baya su ɗauka duk hannun mutum ɗaya ne. Sai ya juya ga 'yata, ya ɗauko allo ya rubuta mata fa da ƙaf irin na Warshu, ya nuna mata inda ɗigon yake. Cikin 'yan mintoci ta karanta layi biyu daga rubutun kakan mahaifiyarta, tana tuntuɓe tana gyarawa. Kawu ya juya fuskarsa bango.

Yanzu ga abin da nake roƙonki, uwargida, tunda mafi yawan irin waɗannan takardu a ɗakunan mata suke ƙarewa. Ki fitar da su daga leda, domin leda tana riƙe gumi, gumi kuma shi ke kawo fumfuna. Ki naɗe su da farin yadi mai tsabta, ki ɗora su a sama, nesa da ƙasa da bangon da ke jiƙa da damina. Ki riƙa buɗewa suna shan iska a inuwa, kada ki shanya su a rana. In falle ya yage kada a liƙa masa salatif, kada a kai shi a rufe da roba a shagon kwamfuta, kada a fesa masa turare ko maganin ƙwari. A wanke hannu a bushe shi sarai kafin a taɓa, kuma ban da lasar yatsa wajen buɗe shafi. Kada ki bari jerin ya hargitse. Wayar da ke hannunki ma tana da aiki: ki ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya, a wuri mai haske, ki tura wa 'yan'uwa biyu ko uku. Ki tambayi tsofaffin gidan wane ne ya rubuta, a wane gari, wa ya karantar da shi, ki rubuta a takarda dabam ki sa a ciki. In an zo rabon gado, ki yi magana kada a raba littafi ɗaya gida-gida. In kuma abin ya fi ƙarfinku, akwai wuraren da ke adana irinsu, kamar Arewa House a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, a je a nemi shawara kafin wani ɗan kasuwa ya zo ya saye shi da kuɗin cefane.

Bayan wata biyu Kawu ya je Babura ya karɓo aikin. Gafakar tana Roni a hannunsa, a saman kabad, an saya mata sabuwar igiya. Goggo ta yarda ta mayar da fallayenta, amma sai da Alaramma ya rubuta mata wata Maryam ɗin tata ta kanta. 'Yata kuma ta ce ranar saukarta, bayan takardar shaida, allon zayyana take so, kuma daga Alƙur'anin kakanmu za ta karanta. Na ce Allah ya kai mu. Ke ma in kin buɗe taku gafakar, ki dawo nan ƙasa ki gaya mana abin da kika tarar. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya mana zuri'a.